Wanda Ya Aiko Da Lori, Shi Ke Da Alhakin Hanya

Riɗi ba ya jiran kowa. Da zarar ganyensa ya yi ɗorawa ya fara kakkaɓewa a watan Oktoba, kwanaki kaɗan suka rage wa mai gona. In bai sami hannun da zai yanke ba, kwanso ya tsage, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Shi ya sa a wannan lokaci wakilan manyan gonakin Dali da Mazmum, da na Agadi da Garabin, har da na Gadarif, suke bazuwa cikin garuruwan bakin kogin Nilu Shuɗi a Sudan, daga Sinnar zuwa Mai Wurno zuwa Sinja da Suki, suna neman 'yan ƙwadago ido rufe. A yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, a ce gobe bayan sallar asuba lori zai tsaya a bakin kwalta.

Duk wanda ya taɓa ganin lodin nan ya san yadda yake. A ƙasa ana jera durom-durom na man gas da na ruwan sha. A kansu a ɗora buhunan garin dawa, da busasshen kifin da ake kira kajik, da garin kuɓewa na miya, wato guzurin makonnin da za a yi a daji. A can sama sai mutane, kowa da ƙullin kayansa da laujensa naɗe cikin tsumma, ƙafafu na reto a jikin ƙarfen bodi, samari kuma su haye saman kan direba. Inda babu lori, tarakta ce ke jan tirela, ba kujera, ba abin riƙewa. Muddin ana kan kwalta da sauƙi. Wahalar tana farawa ne daga inda aka ratse aka shiga baƙar lakar nan, wadda tayoyin damina suka yi wa ramuka, rana ta zo ta busar da su kamar dutse. Ga kwazazzabai, ga direban da wataƙila kwana ya yi yana tuƙi, domin da yawan sawu ake biyansa.

Ranar da irin wannan mota ta kife, sai a nemi mai alhaki a rasa. Mai gona ya ce mutanen nan ba su iso gonarsa ba, ko lauje ba su zare ba, ina ruwansa? Wakili ya ce shi ɗan aike ne. Mai lori ya ce direba ne ya yi ganganci. Direba kuwa, in bai mutu ba, yana tsare, kuma ko an sayar da duk abin da ya mallaka ba zai biya maganin mutum ɗaya ba. In an je wajen kamfanin inshora, abin da zai fara dubawa shi ne takardar motar, ita kuma ta kaya ce, ba ta fasinja ba. Kowa ya zame, a bar mata da 'ya'ya da gawa.

Ra'ayina a kan wannan bai da kwana-kwana. Aikin ɗan ƙwadago ba a bakin kunya yake farawa ba. Yana farawa ne daga lokacin da ya taka tayar motar da aka aiko masa ya hau, kuma bai ƙare ba sai an sauke shi inda aka ɗauko shi. Wanda ya aiko da motar don amfanin gonarsa, ko da ta hannun wakili ne, ko da haya ya yi, shi ne mutum na farko da ya kamata a nufa idan an yi haɗari.

Wannan magana ta shafe mu, Hausawa da Fulanin Sudan, fiye da kowa saboda tarihinmu. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas da waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa. Suka fara sauka a Shehu Talha, sannan wajen 1906 suka ƙetare kogi suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu kaɗan da Sinnar. Ba a daɗe ba Turawa suka fara gina madatsar ruwan Sinnar, wadda aka gama a 1925, shekarar da aka buɗe babban aikin noman Jazira. Auduga na bukatar hannu, masu hawasha, wato filayen da aka raba wa manoma, kuma ba su isa su tsince ta su kaɗai ba. Mutanen yamma ne, alhazan da ke kan hanyar Makka da waɗanda suka zauna, suka cike wannan giɓi. Da aka faɗaɗa aikin zuwa Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950, filin ya haura fadan miliyan 2, bukatar hannu ta ƙaru. Noman inji na damina da aka fara a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940 shi ma ya bazu har Dali da Mazmum da kudancin Damazin. Inji na yin huɗa da shuka, amma cire ciyawa da yankan riɗi da yankan dawa sai da hannu. Ga kuma gonakin rake na Junaid da Sinnar da Kinana da Asalaya. Duk waɗannan wurare nesa suke da inda ma'aikaci yake kwana. Shekara ɗari ke nan ana ɗibar mutanenmu a bayan mota ana kai su inda arzikin Sudan yake tsirowa, kuma har yau ba a zauna an tsayar da wanda zai biya idan motar ba ta isa ba.

Ba kuma zan ɓoye ba, abin ba na wasu can ba ne su kaɗai. Mutanen Mai Wurno sun daɗe a harkar lori. A cikinmu akwai masu motoci, akwai direbobi, akwai 'yan kwangilar da ke tara ma'aikata, akwai masu gonakin kansu a daji. Sau da yawa wanda ya loda mutanen da waɗanda aka loda a sahu ɗaya suke sallah. Don haka in na ce mai aiki ya ɗauki alhaki, har da 'yan'uwana nake.

To me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta Sudan ta 1997, tun a farkonta, ta jera waɗanda ba ta shafa ba. A cikinsu akwai ma'aikatan gona da ma'aikatan wucin gadi. Ta ware wasu kaɗan daga ma'aikatan gonar ta ce su tana kare su: masu tuƙa injuna da gyara su, masu aiki a wuraren sarrafa amfanin gona kamar injin gurzar auduga, da ma'aikatan ofis irin su akawu da mai kula da sito. Ku dubi abin da wannan yake nufi a kan hanyar Mazmum. Tarakta ɗaya ce, tafiya ɗaya ce, gona ɗaya aka nufa. Wanda ke riƙe da sitiyari doka ta san shi ma'aikaci ne. Waɗanda ke cikin tirelar da yake ja, masu laujen da don su aka yi tafiyar, doka ta kau da kai daga gare su. Akwai dokar diyyar raunin aiki ta 1981, akwai asusun inshorar ma'aikata, amma waɗannan da rajista suke aiki, da takardar albashi, da kuɗin da ake cirewa wata-wata. Mutumin da aka yi ciniki da shi da baki a gindin bishiya ba shi da ko ɗaya. In ya je neman haƙƙi, tambayar farko ita ce ya kawo shaidar cewa an ɗauke shi aiki, shaidar kuwa tana aljihun wakilin da ke neman kuɓuta.

Duniya ta daɗe da wuce wannan mataki. Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, ta shigar da ma'aikatan gona bayan shekara biyu, sannan a 1925 ta ce haɗarin da ya sami ma'aikaci tsakanin gidansa da wurin aiki shi ma haɗarin aiki ne. Faransa ta bi sahu a 1946, kuma daga can wannan ƙa'ida ta shiga dokokin ƙasashe irin su Nijar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun a 1921, ta yi yarjejeniya ta 12 wadda ta ce a ba ma'aikacin gona diyyar rauni kamar yadda ake ba na masana'anta. A 1964 ta ƙara da yarjejeniya ta 121, wadda ta nemi kowace ƙasa ta fayyace yanayin da haɗarin hanya yake zama haɗarin aiki. Maƙwabciyarmu Masar tana lissafa haɗarin zuwa aiki da dawowa a cikin raunin aiki, da sharaɗin ma'aikacin bai ratse ko ya tsaya wata sabga tasa ba. Najeriya, a dokarta ta diyyar ma'aikata ta 2010, ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a wani asusu, kuma ta ambaci hanyar gida, da hanyar wurin cin abinci, da hanyar wurin karɓar albashi.

Sai dai rubuta doka daban, isarta bayan lori daban. A ranar 27 ga Afrilu 2019, a Sabbala ta lardin Sidi Buzid a Tunisiya, ma'aikatan gona 12 suka mutu a haɗarin motar da ta kwaso su, 7 daga cikinsu mata. Ƙasar ta girgiza, a wannan shekara aka yi doka ta musamman kan jigilar ma'aikatan gona, amma ba a daina loda mata a bayan a-kori-kura ba, ba a kuma daina mutuwa ba. A Masar, ranar 27 ga Yuni 2025, 'yan mata 18 'yan ƙauye ɗaya a lardin Munufiya suka rasu tare da direbansu a hanyarsu ta zuwa aikin yini a gonar inabi. Waɗannan ƙasashe suna da dokoki masu kyau a takarda. Abin da ya haɗa matan Sidi Buzid da 'yan matan Munufiya da masu yankan riɗinmu shi ne ɗan kwangilar da ke tsaye tsakaninsu da mai gona, wanda ke sa mai gona ya iya rantsewa cewa bai san su ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha ji: ai wannan tunanin Turawa ne, mu Musulmi ne, mutuwa ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa yake zai tafi. Gaskiya ne kwana ba ya wuce ranarsa. Amma wanda ya saukar da imani da ƙaddara Shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda Ya wajabta diyya a kan kisan kuskure. Kuskure fa, ba ganganci ba. Da ƙaddara tana share haƙƙi da ba a saukar da wannan hukunci ba. Duk almajirin da ya karanta Risala ya wuce ta babin jini da haddi, ya ga cewa diyyar kuskure ba a kan wanda ya yi kisan shi kaɗai take ba, a kan aƙilarsa take, wato jama'ar da ke tsaya masa, kuma ana biya a cikin shekara uku. Hikimar a fili take: mutum ɗaya ba zai iya ba, jinin Musulmi kuma ba ya tafiya a banza, saboda haka sai a raba nauyin a kan masu iko. Sayyidina Umar, da ya kafa diwani, ya mayar da wannan nauyi kan abokan rajistar mutum, waɗanda suke karɓar albashi tare, domin ya ga a zamaninsa su ne masu tsaya wa juna.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar Sudan kanta ta ɗauki wannan fahimta. Dokar laifuffuka ta 1991, a sashe na 45, da ta zo bayanin aƙila, ta ambaci dangin mai laifi na wajen uba, ta ambaci kamfanin da ya yi masa inshora, sannan ta ambaci wurin da yake wa aiki idan laifin ya faru ne a cikin aikin. Ke nan idan direban taraktar gona ya kifar da mutane yana kan aikin da aka sa shi, mai gonar aƙila ne a idon doka. Idan direban lori ne, mai lorin aƙila ne. Inda ƙofar take a buɗe shi ne wurin mai gonar da ya yi hayar motar wani ta hannun wakili, kuma ta nan ake sulalewa. Wannan ƙofa ce nake so a rufe. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa wanda ke cin ribar abu shi ke ɗaukar asararsa. Bahaushe ya faɗe ta a gajarce: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Riɗin da aka kwaso mutanen nan don su yanka, in ya isa kasuwar Gadarif ya wuce Bur Sudan, sunan mai gona ne a kan buhun, ba na wakili ba.

Amma mafi yawan waɗannan shari'o'i ba sa zuwa gaban alƙali. A rumfar makoki suke ƙarewa, kuma a nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Na zauna a irin wannan zama. Rana ta uku, bayan la'asar, ana zagayawa da shayi, sai ga tawaga daga wajen mai gona, da buhun sukari da jarkar mai da ɗan abin da aka ƙunsa a ambulan. Aka yi addu'a. Wakilin ya durƙusa gaban ƙanin mahaifin mamacin, ya ce, "Baffa, ƙaddara ta riga fata. Alhaji ya ce a ba ku haƙuri, wallahi tun ranar bai runtsa ba." Dattawa suka sa baki, kowa na ambaton zumunci da maƙwabtaka. Tsohon ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Allah Ya ba mu, Allah Ya karɓa. Mu ba ma cin kuɗin jini. Mun yafe." Aka yi kabbara, aka shafa fatiha, aka yaba masa. A cikin gida kuwa matar tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. 'Ya'yan suna wasa a ƙofar gida, babbansu bai isa ya riƙe lauje ba.

Ban zargi tsohon nan ba, mutumin kirki ne, kuma abin da ya gada ya yi. Amma abin da ya yafe ba nasa ba ne. Diyya gado ce, ana raba ta kamar yadda ake raba sauran dukiyar mamaci. Matar tana da tumuninta, uwa tana da sudusinta, sauran na 'ya'ya ne. Ayar da ta wajabta diyya ta ba iyalan mamaci damar su yi sadaka da ita, gaskiya ne, amma baligi mai hankali shi ke sadaka da rabonsa. Waliyyin maraya ba shi da ikon kyautar da dukiyar maraya. Mu da muke tsoron taɓa akuyar maraya, yaya muke yafe masa diyyar ubansa a gaban jama'a, har a yi mana kabbara? Kalmar nan ta "ba ma cin kuɗin jini" tana da daɗin ji, amma yaron da za a cire daga makaranta baɗi a tura shi tsintar auduga shi ne zai biya kuɗinta.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a rumfar, wanda kowa ya sani. Wanda ya ƙi yafewa, baɗi ba wakilin da zai ɗauki ɗansa ko ƙaninsa. Sannan akwai tsoron ofis. Mutumin da kakansa aka haifa a bakin wannan kogi, amma har yau in ya je neman lambar ɗan ƙasa sai an sa shi kawo shaidu a kan shaidu saboda an ji harshensa, ba ya marmarin shiga kotu ya yi ƙarar mai dukiya. Mazauna kambo, wato sansanonin 'yan ƙwadago, a Jazira, waɗanda da yawansu ko filin da suka kafa bukka a kai ba nasu ba ne, sun fi kowa sanin wannan. Bayan rikicin jihar Nilu Shuɗi na Yuli da Oktoba 2022, wanda ya ci rayukan ɗaruruwan mutane ya kuma kori dubban Hausawa daga gidajensu, wannan ɗari-ɗari ya ƙaru. Yafewar da aka yi a cikin irin wannan hali ba duka ba ce ta fito daga zuci.

Wanda ya mutu ma an yi masa rumfa. Wanda ya karye fa? Shi ne aka fi mantawa da shi. A kai shi asibiti, a ce sai an kawo takardar 'yan sanda, orinik na 8, a yi ta kai da kawo. Mai gona ya biya kuɗin allurar farko, in ya yi kirki ya ƙara da na hoto, daga nan shiru. A dawo da shi gida wajen mai ɗori. In ƙashin baya ne, shi ke nan, magidanci ya koma kwance, matarsa ta koma tuyar ƙosai da sayar da shayi a tasha. Shari'a ta yanka wa hannu diyyarsa, ta yanka wa ƙafa da ido, amma ban taɓa ganin an zo rumfa an lissafa wa gurgu haƙƙinsa ba. Ko inda aka biya diyya cikakkiya, hauhawar farashi ta cinye ta. A 2016 an ɗaga ta daga fam 30,000 zuwa fam 330,000, sai ga shi a 2021 tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin 100 a shekara ɗaya. Asalin diyya raƙuma 100 ne, kuma kowa ya san kuɗin raƙumi a kasuwa.

Masu gona suna da tasu hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ba kowane mai fadan dubu ne attajiri ba. Da yawa da bashin banki suke noma, shekarar da ruwa ya yi gardama wasunsu har gidan yari suke kwana. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula komai. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, Sinja ta bi a ƙarshen Yuni 2024, faɗa ya iso har gefen Mai Wurno, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamba 2024 da Wad Madani a Janairu 2025. An sace taraktoci, an kwashe iri da man gas, an bar abubuwan fashewa a gonaki da hanyoyi. Mutumin da ke ƙoƙarin tashi daga wannan faɗuwa, in ka ce masa diyyar mutum goma tana wuyansa ranar da mota ta kife, ka kashe shi, kuma marayun ba za su sami komai ba.

Wannan hujja ce ta a raba nauyin, ba ta a jefar da shi kan matar mamaci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa aka yi aƙila. Kuma babu ƙasar da ta fi Sudan cancantar ta gane wannan, domin a Khartum aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya, a 1979, ƙarƙashin Bankin Faisal. Ba wanda zai ce mana wannan inshora ta takaful haramun ce. Kowane buhun riɗi da na dawa da ya shiga kasuwar amfanin gona ta Gadarif ko Sinnar ko Damazin ana auna shi, ana cire zakka, ana cire haraji iri-iri. Hukumar da ta iya bin buhu har ta karɓi rabonta ta iya ware wani ɗan abu a kan kowane buhu ta zuba a asusun da zai biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya mutu wajen samar da buhun. Mai gonar da ya zuba, asusu ya tsaya masa. Wanda ya ƙi, ya biya daga aljihunsa.

Yaƙin ma ƙara wa maganar nauyi ya yi. Garuruwanmu cike suke da waɗanda suka gudo, mutanen da ba su taɓa riƙe lauje ba, mata da yara, kowa na neman abin da zai sa a baki. Mai yunwa ba ya tambayar lafiyar birki. Duk motar da aka kawo zai hau, ko da daddare ne, ko ta wace hanya za a bi. Shi ba shi da zaɓi. Mai zaɓi shi ne wanda ya yi hayar motar. Shi ya san ya ɗauki mai arha ya bar mai lafiya, shi ya ce a haɗa mutane da durom ɗin mai a sawu ɗaya don kada ya biya sawu biyu, shi ya matsa a taso cikin dare saboda riɗi na zuba. Ranar da ya san cewa in motar ta kife asusu zai bincika, kuma in an sami sakacinsa kuɗin zai dawo kansa, ranar zai fara duba taya kafin ya yi ciniki. Ba don diyya kaɗai nake wannan magana ba. Na fi son a wayi gari ba a bukaci diyyar ba.

Iyakar alhakin ba ta da wuyar ganewa in ana son a gane. Motar da mai aiki ya aiko, ko ya biya, ko ya cire kuɗinta daga ladan ma'aikaci, tasa ce har a sauka. Yaron da aka aika Sinja ya sayo kayan gyaran tarakta, ko aka ɗora shi a kan buhuna ya raka su kasuwa, yana cikin aiki tun fitarsa har dawowarsa, kuma wannan ko gardama bai kamata a yi ba. Yaron mota ma haka, wanda ke kwana a kan kaya yana sa wa taya dutse a hawa. Wanda ya hau jakinsa ko kekensa daga kambo zuwa hawasha ta hanyar da aka saba, mota ta buge shi, asusu ya tsaya masa ko da mai hawashar ba shi da laifi. Wanda kuwa ya karɓi ladansa ya ratse wani ƙauye biki, ya yi haɗari a can, wannan tafiyarsa ce.

Gyaran dokar 1997 aikin hukuma ne, kuma ƙasar da ke cikin yaƙi ba lallai ta waiwayi wannan da wuri ba. Amma akwai abin da ke hannunmu tun kafin kaka mai zuwa. Fadar Sarkin Mai Wurno da masu unguwanni da limamai suna da faɗa a ji a garin nan da ƙauyukan da ke kewaye. Su tsayar da cewa duk sulhun da za a yi a kan rai, sai an tambayi matar mamaci da bakinta, kuma rabon ƙananan yara ba ya cikin abin da ake yafewa: a rubuta shi, a karɓa, a danƙa wa amintacce. Limamai su yi huɗuba a kan wannan a watan Satumba, lokacin da wakilai suke fara shigowa. Kafin alƙalami kuma a riƙa turawa ta manhajar banki ta Bankak inda hali ya yi, domin saƙon da ya rage a waya shaida ce da wakili ba zai iya musantawa ba.

Sannan takarda. Kafin lori ya tashi, a rubuta sunan kowane mutum da ke kai, da lambar motar, da sunan direba, da sunan mai gonar da za a je wa da inda gonar take. Wakili ya sa hannu, ya riƙe ɗaya, mai unguwa ya riƙe ɗaya. Ba ta bukatar kuɗi, ba ta bukatar majalisa, ɗalibin sakandare zai rubuta ta kafin a gama ɗaura kaya. Wakilin da ya ƙi faɗin sunan wanda ya aiko shi, kada mai unguwa ya bar shi ya ɗauki ko mutum ɗaya.